Bayan Wankan Maijidda

Suwaiba na tsugune gaban murhu tana iza wuta ƙarƙashin tukunyar wankan jego sai aka yi sallama. Wata siririyar mace ce da takunkumi a fuska. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Mama, sannu da aiki. Sunana Perpetual, daga ofishin lafiya na nan Gwagwalada. Kai ne ka yi wa Maijidda wanka?"

"Ni ce," in ji Suwaiba. Ba ta damu da "kai" ɗin da aka ce mata ba, a garin nan kunne ya saba.

Ita ke wanke gawar mata a unguwar shekara da shekaru. Maijidda kuwa maƙwabciyarta ce, mai sayar da garin kwaki a bakin titi. Zazzaɓi ta yi, aka yi ta ba ta maganin cizon sauro daga kemis bai sauka ba. An ɗebi jininta a wani ƙaramin asibiti, amma ta cika a ɗakinta kafin sakamako ya dawo.

"Ya dawo yanzu," in ji Perpetual. "Zazzaɓin Lassa ne. Ka sa safar hannu?"

Suwaiba ta dubi tafukan hannunta. Ta tuna jinin da ya riƙa tsattsafowa daga hancin Maijidda, da yadda ta share shi da auduga tana yi mata addu'a. Ga kuma tsagar sanyi a yatsunta.

"Da hannuna na wanke ta, kamar yadda nake wanke kowa."

Perpetual ta yi mata bayani a tsaye. Daga ɓera cutar take fitowa, idan ya yi fitsari ko kashi a abincin da aka bari a buɗe. In ta kama mutum kuma, jininsa da amansa da fitsarinsa suna shafa wa wani, ko bayan ya rasu. Takan yi har mako uku a jiki ba ta nuna ba. Ta miƙo mata ma'aunin zafin jiki, ta ce safe da yamma, ta kuma ba ta lambar waya.

"In jiki ya yi zafi, ko kai ya yi ciwo, ko maƙogwaro, kira ni nan take. Kada ka je kemis. Akwai magani, amma da wuri yake aiki."

Daga ɗaki jariri ya tsala kuka. Perpetual ta leƙa.

"Mai jego ne a gidan?"

"'Yata ce, Hindatu. Haihuwar fari, ta zo wanka."

"To Mama, a samo wani ya yi masa. Ka ware kofi da kwano da ɗaki."

Ranar Suwaiba ta kwashe tabarmarta ta koma ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ruwan wankan ya tafasa, ya huce a kan murhu, babu mai saukewa. Ta aika gida biyu a kira mata wadda za ta karɓe ta, kowacce ta ce kanta na ciwo. Labari ya riga ya zaga unguwa.

Da la'asar Christina ta shigo, matar da ke haya a gidan baya, mai kai doya kasuwar Wuse. Ta ɗaure zane a ƙirji ta ce, "Inna, ban taɓa yin irin naku ba, amma ki faɗa mini."

Haka aka riƙa yi. Suwaiba na tsaye a taga tana ɗaga murya: a ƙara ganyen darbejiya, a taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna, kunun nan kanwarsa ta yi yawa. Christina ta ce to, ta yi rabi yadda aka ce, rabi yadda ta ga dama. Suwaiba ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Matar da ba ta san zaman banza ba, ga ta da hannu biyu ba ta da abin taɓawa. Ta auna jikinta da safe, kafin hantsi ta sake aunawa. In ta haɗiyi yawu sai ta tsaya ta saurari maƙogwaronta. In ta ji motsi a bayan buhun masara sai ta ƙwala wa Hindatu kira a rufe tukwane, a juye garin nan cikin bokiti mai murfi.

"Inna, an rufe. Tun jiya aka rufe."

"A sake dubawa."

Ranar suna mutane kaɗan suka zo, su ma suka tsaya daga waje. Ta taga ta ji an raɗa wa yaro Abdulbaƙi.

Cikin mako na biyu, bayan azahar, ta ji bayanta ya riƙe, kanta ya yi nauyi. Ta ce zama ne. Ta sa ma'aunin a hammata, ta ciro ta ga zafi ya hau, ta girgiza shi ta mayar. Bai sauya ba. Ta daɗe riƙe da waya. Ta san abin da ake faɗa a unguwa, wai wanda motar asibitin nan ta ɗauka ba ya dawowa. Ta ce a ranta wataƙila sauro ne, bari ta ga gobe. Sai ta ji Hindatu a tsakar gida tana cewa, "Inna ba ta ci abinci ba, bari in shiga in duba ta."

"Kada ki shigo!"

Ta danna lambar Perpetual.

Kafin magariba motar ta zo, mutane biyu sanye da fararen kaya har fuska. Suwaiba ta fito da ƙafarta. Hindatu na rungume da yaro a ƙofar ɗaki tana kuka, Christina ta riƙe mata kafaɗa.

A asibitin koyarwa aka keɓe ta, aka ɗebi jini, ya nuna Lassa ce. Suka fara yi mata allurar maganin ta jijiya, da ƙarin ruwa. Ta yi amai, ta yi kwanakin da ba ta iya ɗaga kai, tana jin muryoyin ma'aikata kamar daga cikin rijiya. Kullum tambayarta ɗaya, ko jikin Hindatu ya yi zafi. Su ma Hindatu da Christina an sa su awo safe da yamma. Kullum amsar ita ce a'a.

Zazzaɓin ya sauka a hankali. Likitan da ya sallame ta ya ce zuwa da wuri ne ya taimake ta. Ya kuma faɗa mata gaskiya game da kunnenta na hagu da ya toshe: cutar kan yi wa wasu haka, wani ya buɗe, wani ya zauna.

Ta dawo gida ta rame, zane na zame mata. An yi feshi a ɗakin, an ƙone tabarmar. Hindatu ta kusa gama wanka, yaro ya yi ɓulɓul. Suwaiba ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta zauna a kujera, aka ɗora mata shi a cinya. Hindatu ta tsaya ta hagunta tana ta ba ta labarin waɗanda suka zo dubiya da waɗanda suka ƙi. Suwaiba na kallon bakinta yana motsi.

"Zagayo ta nan," ta ce. "Ki faro daga farko."