Idon Mai Fito

"Kin mai da shi harara-garke," in ji Merv. "Ɗan fashin teku na ce ki yi mini, ba mai neman tabarau ba."

Noelene ba ta ɗago ba. Ta kai ɗan mutum-mutumin ƙarƙashin gilashin ƙara girma ta duba, abu bai kai tsawon babban yatsanta ba. Gaskiyar tsohon ce. Ido ɗaya na kallon ƙofa, ɗayan na kallon kwanon rufi.

"Da wane idon ka gani? Kai da sai an faɗa maka kake bambance shayi da kofi."

"Goge ki sake."

"Ka ce don Allah."

"Goge ki sake, don Allah, uwar masifa."

Ta goge, karo na huɗu ke nan, ta sake tsoma bakin buroshi a baƙin fenti.

Shekara ashirin da shida suna maƙwabtaka a wannan titi na garin Burnie mai gangarawa tashar jiragen ruwa, kuma Noelene Pybus ba ta taɓa kiran sana'ar Merv Tuckwell da wani suna ba sai 'yan tsana. Tun da aka rufe masana'antar takarda ya shige rumfar bayan gidansa yana narka kuza yana zuba 'yan mutum-mutumi. Masu sayen kayansa su ne masu wasan labari a kan tebur, waɗanda ɗaya ke riƙe littafi yana jan labari, saura suna jefa ƙwaya irin ta lido suna tura mutanensu. In sabon littafi ya fito, Merv sai ya karance shi tas, ya fitar da duk mutum da dodon da ke ciki, ya zuba kowanne, ya fente shi yadda aka siffanta shi. Da abu ɗaya yake taƙama a duniya: kwalinsa bai taɓa fita da giɓi ba, bai kuma taɓa saɓa wa littafi ba.

To, ciwon huhu bai san wannan ba. Ya cinye shi ya bar ƙashi a cikin rigar sanyi, magani kuma ya sa hannunsa rawa. Kwali ɗaya ya rage masa, guda ashirin da uku, na wata malamar makaranta a tsibirin King Island mai suna Bronwyn, wadda ta riga ta tara mutanenta za su fara wasa ranar Asabar. Ya fente su duka tun hannu na jin magana, sai ido. Ido kullum shi yake bari ƙarshe. In kwalin bai isa gidan waya ba kafin tsakar ranar Alhamis, jirgin saman tsibirin zai tashi ba shi.

Noelene kuwa shekara talatin da ɗaya ta yi a gidan burodi tana rubuta sunaye a kan kek, hannunta bai taɓa zamewa ba. Da Merv ya dafa shingen katako ya roƙe ta, cewa ta yi ba ta da lokacin wasan yara. Washegari da safe ta bi ta inda katako biyu suka cire a shingen, da tabarau a aljihu da tukunyar miyar kabewa.

Yau Litinin. Bakwai ta gama.

Kerryn, 'yar Merv da ta zo daga birnin Melbourne jinya, ta leƙo rumfar da bargo a hannu.

"Baba, wai me kake yi a cikin sanyin nan? Nas ta ce ka kwanta."

"Nas ba ta da kwali."

"Ka ba ni lambar matar in ba ta haƙuri. Wa zai riƙe ka da laifi? Anti Noelene, ke ma ki yi masa magana mana."

Noelene ta ajiye buroshi ta dube ta ta saman tabarau.

"Ke, yarinya. Tun kina rarrafe nake yi wa ubanki magana bai ji ba. Ya ce wa matar kayanta za su zo, to za su zo. In sanyi ne damuwarki, lulluɓe shi ki ba ni haske, kin tare mini taga."

Kerryn ta lulluɓe shi ta fita tana share ido da bayan hannu. Merv ya yi wata dariya da ta rikiɗe ta koma tari.

"Ashe kina sona."

"Tsaya nan. So nake in gama in huta da ganin fuskarka."

Ranar Talata ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Aka jawo gadonsa kusa da tagar ɗakin baya, inda yake hango rumfar da bishiyar lemon tsami. Noelene ta kwaso kayan aiki a kan faranti ta kafa tebur a gefen gadon. Duk wanda ta gama sai ta kai masa har bakin hanci. Ya ƙura masa ido, sannan ya yanke hukunci.

"Wannan ya yi."

"Na sani."

"Wannan kuma kamar ya ga matarsa da wani."

"Dodo ne, Merv. Wa zai duba idon dodo?"

"Bronwyn za ta duba. Ni ma ina dubawa."

Ta ja tsaki ta goge. Can ƙasa manyan motocin katako na wucewa zuwa tasha, in suka taka sai kofin shayi ya yi rawa a kan faranti, ita kuma ta ɗaga buroshi ta jira su wuce. Ta gane cewa sai ta riƙe numfashi ɗigon ke zama daidai. Ba ta gaya masa ba, don kada ya ce shi ya koya mata.

Wajen la'asar ta miƙa hannu ta ɗauko wani dogo mai rigar toka, tsaye a kan ɗan kwalekwale da sanda a hannu. Mai fito ke nan. Farin idonsa na nan, baƙin ne babu.

"Ajiye shi," in ji Merv.

"Don me?"

"Kada ki taɓa mai fito."

"Au, na ƙarshen kake so ka yi da kanka? Da wannan hannun? Girman kai dai har bakin kabari."

Ya buɗe baki, numfashi ya ƙi zuwa. Sai da ta ɗaga shi ta gyara masa matashi, ya sha ruwa, sannan ya samu ya ce, "Ki karanta littafin mana."

"Ni? Na makaranta ma ban gama ba aka cire ni, sai na 'yan tsana?"

Ya lumshe ido yana murmushi, barcin magani ya ɗauke shi. Ta mai da mai fito gefen faranti. Ta ce a ranta a bar masa, in ya tashi da ƙarfi gobe sai ta riƙe masa hannu.

Bai tashi da ƙarfi ba. Safiyar Laraba nas ta zo, da za ta tafi ta tsaya da Kerryn a bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa. Noelene ba ta tambaya ba, ta binne miji, ta san irin wannan maganar. Ta zauna ta ɗauki na goma sha tara. Merv ba ya iya cewa komai yanzu, sai dai in ta nuna masa ya motsa yatsa ɗaya a kan bargo. Sau ɗaya, ya yi. Sau biyu, goge. Na ashirin sai da ya motsa sau biyu.

"Har yanzu kana da bakin ƙorafi," ta ce, ta goge.

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce, rana ta faɗo kan gadon. Kerryn na waje tana shanya zanin gado. Noelene ta riƙe numfashi ta ɗiga ido na biyu a kan na ashirin da biyu, wata tsohuwa mai ɗauke da fitila. Ya zauna daram, bai taɓa yi mata kyau haka ba.

"To, duba wannan ka ce wani abu in ka isa."

Yatsan bai motsa ba. Ta jira. Wata mota ta wuce, kofi ya yi rawa ya tsaya. Idonsa a buɗe yana kallon rumfar.

Ta ajiye tsohuwar a hankali. Ta sa yatsu biyu, da ɗigon baƙin fenti a jikinsu, ta rufe masa ido. Sannan ta buɗe taga ta kira Kerryn, da muryar da ba ta taɓa kiran kowa da ita ba.

Ranar Alhamis da safe ta tarar da Kerryn a kicin, waya a kunne, takardu a gabanta. Maƙwabta sun cika firij da abinci. Da ta ajiye wayar ta ce, "Anti, ki bar kwalin nan. Ya wuce. Ba wanda zai sani."

"Ni na sani."

Ta ɗauki farantin ta koma rumfa. Ta jera su a kan kantar rumfar inda suka yi makonni a tsaye, ashirin da biyu suna kallonta, ɗaya fari fat. Ƙarfe tara da rabi. Ta zauna a kujerar Merv, ta jawo gilashi, ta kafa mai fito a ƙarƙashinsa. Shi dai bai samu ya yi ba, to ita za ta yi, kwalinsa na ƙarshe ba zai fita da giɓi ba ko da sama za ta faɗo. Ta tsoma buroshi, ta riƙe numfashi. Bakin buroshin ya kusa taɓa farin.

Sai ta tsaya. Merv ya hana ta abubuwa da yawa cikin kwana huɗun nan, amma kowanne sai da ya faɗi dalili, ko da zagi ne. Wannan kaɗai ya ce a karanta.

"Kai dai ka cika wahalar da mutane," ta ce da kujerar da take kai.

Littafin na kan kantar, mai kauri kamar bulo, gefensa duk yatsun fenti. A bayan bango ya jera sunaye ashirin da uku da fensir, kowanne da lambar shafi. A gaban sunayen ya ja layin da ya rubuta wa "ido", babu komai a cikinsa daga sama har ƙasa, sai a gaban mai fito. Nan akwai alamar an gama, a karkace, da hannu mai rawa.

Ta buɗe shafi na tamanin da takwas. Ta ɗora yatsa tana bi, leɓenta na motsi, kalma bayan kalma. Ta daɗe kafin ta kai inda ya ja layi biyu a ƙasa. Mai fito makaho ne. Idanunsa farare ne kamar madara, da ƙarar ruwa yake gane hanya.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta dubi ɗan mutumin, ta dubi baƙin fentin da ke bakin buroshi.

"Tsohon banza," ta ce. "Makaho, kalma ɗaya ce fa, da ka faɗa."

Ta wanke buroshin da sabulu har ruwan ya fito fari, yadda ya sha yi mata tsawa ta yi. Ta ɗauki fensirinsa ta bi layin nan ta cike sauran ashirin da biyun. Ta naɗe kowanne a cikin soso, tana kiran sunansa daga jerin kafin ta sa shi a kwali, mai fito a ƙarshe. Adireshin na manne tun makon jiya da rubutun Merv.

Kerryn ta fito da mukullin mota. Noelene ta ce a'a, ƙafarta lafiya lau. Ta rungume kwalin ta gangara titi, iskar teku na tura ta baya tana tura ta gaba. Sha biyu saura kwata ta ɗora shi a kan kantar gidan waya.

"Yau ke ce 'yar aiken Merv?" in ji matar da ke wurin, tana ɗora shi a kan sikeli. "Ina shi sarkin 'yan tsanan?"

"Ba 'yan tsana ba ne," in ji Noelene. "Ki rubuta a jiki abin fashewa ne. Merv ya rasu jiya."

Ta tsaya har sai da ta ga an sa shi a buhun tsibiri an ɗaure bakin.

Hawan ya fi gangarawa wuya. Ta bi ta inda katako biyu suka cire, ta shiga rumfar don ta kashe fitilar gilashin da ta bari a kunne. Buroshin na tsaye a cikin kwalba, kansa sama, bai gama bushewa ba. A kan kantar, cikin ƙurar da ta kwanta, inda 'yan mutum-mutumin suka tsaya, akwai 'yan da'ira ashirin da uku, tas-tas, ɗaya ta fi sauran tsawo, inda kwalekwalen ya zauna.