Kunnen Hagu

"Maman Auta, don Allah tsayar da keken nan ki saurare ni. Malam ne ke neman ɗanki."

Ban ɗauke ƙafata daga kan keken ɗinki ba. Matar Malam tana tsaye a bakin ƙofa, mayafi a karkace, idanu sun kumbura. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma rabonta da gidana tun Auta yana firamare, ga shi yau har ya ajiye gemu.

"Wane ɗan nawa? Wanda na haifa da ruɓaɓɓen kunne?"

"Haba, Maman Auta. Jikin ya yi tsanani, likita ma ya ce mu dawo da shi gida. Tun safe yaron nan yake ambata."

Ga abin da ya haɗa mu. Auta yana aji huɗu Malam ya kwaɗa masa mari a gaban 'yan aji, wai ya yi dariya da alli ya karye a hannun Malam. Yaro ya dawo min jini na bin wuyan rigar makaranta. A asibiti aka ce dodon kunnen hagu ya fashe, kuma ba zai ƙara ji da shi ba. Na je wurin hedimasta, ya ce in yi haƙuri, malami uba ne. Na je ofishin ilimi, suka kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna a ofishin hedimasta, ya sha lemon hedimasta, ya kira yaran da suka gani ya tambaye su alhali Malam yana tsaye a bayansu. Wane yaro ne zai buɗe baki? Malam ya rantse bai taɓa Auta ba, ya ce shi bai ma san wane kunne ake magana a kai ba. Ƙarshe aka ce ciwon daga gida ne, uwar ce ba ta kula. Ni na tashi maƙaryaciya a unguwa. Shi kuma aka yi masa canjin makaranta, daga baya aka ɗaga shi ya zama mai duba makarantu. Aka ba kura ajiyar nama.

Uban Auta har ya koma ga Allah cewa yake a bar wa Allah. Auta ya so aikin soja, wajen gwajin kunne aka sallamo shi. Yanzu facin taya yake yi a bakin titi, daura da makarantar.

Na so in ce ba inda zai je. Amma duk shekarun nan abu ɗaya nake jira: Malam ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane, cewa shi ne. Na yafa mayafi na je rumfar faci da kaina.

"Inna, mutumin nan mutuwa zai yi," in ji Auta, yana goge hannu a wando. "Don Allah kada ki tayar da rigima."

"Ni da rigima? Saurare kawai zan je yi. Kunnuwana biyu lafiya lau suke."

Ɗakin yana warin magani da fitsari. Fanka tana juyawa da ƙyar. A bango ga takardar yabo cikin gilashi, wadda ofishin ilimi ya ba shi ranar da ya yi ritaya. A kan kujerar roba kuma wa zan gani? Tsohon hedimasta, ya zo dubiya, yana jan carbi. Na ce a raina yau kwamiti ya cika.

Malam ya ƙare, sai ƙashi da ido. Mutumin da in ya daka tsawa a gidansa sai kajina su watse, yau numfashi ma aiki ne. Raina bai yi sanyi ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Auta ya durƙusa a gefen gado. "Malam, ga ni. Ya jiki?" Ya kara masa kunnen dama, yadda yake yi wa kowa.

Malam ya ɗago hannu. Hannun dama, wancan hannun dai. Ya kama haɓar Auta, ya juya masa fuska a hankali, sai da kunnen hagu ya zo daidai bakinsa. Sannan ya fara raɗa. Leɓunansa suna motsi, hawaye na gangara masa zuwa matashin kai. Ya daɗe yana yi. Matarsa ta fashe da kuka tana cewa alhamdulillahi.

"Malam," in ji Auta, "wannan ba ya ji. Ga mai jin nan."

Ya juyo masa na dama. Malam ya rufe baki. Ya kalli hedimasta, ya kalle ni, ya mai da fuska bango.

Nan na matso bakin gadon.

"Ashe ka san wane kunne ne!"

"Inna..."

"Ƙyale ni! Malam, ba kai ka rantse ba ka sani ba? A gaban aji ka mare shi, a gaban kwamiti ka ƙaryata ni. Ka faɗa a gaban mutane mana, ga hedimastanka nan zaune!"

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri," in ji hedimasta. "Yanzu ba lokacin wannan maganar ba ne."

"To yaushe ne lokacin? A ofishinka ma haka ka ce min."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbinsa. Malam bai ƙara juyowa ba. Auta ya kama hannuna ya fitar da ni kamar ni ce marar lafiyar.

Kafin la'asar muka ji kuka ta kan katanga.

Wajen gaisuwa ba abin da ban ji ba. Wai ya yi wa ilimi hidima. Wai yaran da suka bi ta hannunsa ba sa ƙirguwa. Wai har maƙwabta ya kira ya nemi gafara, Allah Sarki, mutumin kirki. Babu wanda ya ce gafarar me. Hedimasta ne ya fi kowa yabo.

Da mutane suka ragu, matar Malam ta aiko a kira Auta. Na bi shi.

"Ɗana, ka dai yafe masa ko? Ka ji abin da ya roƙe ka."

"Mama, wallahi ban ji ba," ya ce. "Iska kawai na ji a kumatuna."

Ta dube ni, ko zan sa baki. Na gyara mayafina.

Washegari na kai masa abinci rumfa. An tashi makaranta, yara sun cika titi da hayaniya, wani malami yana biye da su da bulala a hammata. Auta bai ɗago ba. Ya hura wa tub ɗin tayar wani babur iska, ya kara shi a kumatunsa na hagu, yana juya shi a hankali har ya kai inda iskar ke fita. Ya zaro guntun alli daga bayan kunne ya yi wa wurin alama.