Mahauci da Ƙodar Alade

Gligor ya dawo ƙauye da ƙodar alade a cikinsa. Shekara da shekaru yana jiran ta mutum, layi ya ƙi motsi, har 'yarsa ta gaji ta kai shi wani asibitin waje inda ake gwada irin wannan dashe. Ya tafi a kumbure, ya dawo da ƙafarsa.

Abin dariyar, shi ne mai yanka wa duk ƙauyen aladu gabanin Kirsimeti. Ai kuwa aka sa shi gaba da tambaya, musamman maƙwabciyarsa Zamfira, wadda bakinta ba shi da linzami.

"Kai Gligor, in ka ga taɓo, ba ka jin wani abu na jan ka?"

"Sai dai in na gan ki, tsohuwa."

Shi ma abin na cin sa a rai. Yakan dafa ƙasan cikinsa, yana so ya gane ko baƙuwar ta san inda aka kawo ta.

Ranar yanka, aladen Zamfira aka fara kayarwa. Maza suka danne, Gligor ya soka wuƙa inda ya saba. Alade ya ƙi mutuwa, sai kururuwa da shure-shure. Kowa ya san dalili: muddin akwai mai jin tausayi a wurin, rai ba ya fita. Aka kora matar ɗan Zamfira ɗaki. Bai mutu ba. Aka fatattaki malamin makaranta da ya zo kallo. Nan ma bai mutu ba.

"To wane ne kuma?" Zamfira ta daka tsawa. "Nama zai lalace min!"

Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, duk masu busasshen ido, har ta iso kan Gligor. Shi ma idonsa a bushe yake. Amma kallon aladen yake irin wanda ake wa ɗan'uwa a gadon asibiti.

"Kai ne?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Bari mu gani."

Ya miƙa wa ɗanta Pantelimon wuƙar da shi Gligor ya gada daga ubansa, wadda bai taɓa bari wani ya riƙe ba, ya nufi ƙofar gida yana fatan kururuwar ta ci gaba, a ce ba shi ba ne.

Yana jan ƙyauren, kukan ya ɗauke.