Malamin da Ba Ya Zama

Shekara ashirin da biyu malamin lissafi yana koyarwa a kwalejin, ba a taɓa ganin ya zauna a aji ba. A wurinsa duk malamin da ke zama rago ne. Awa uku yake yi a tsaye, ya cika allo tun daga sama, yana duƙawa yana rubutu har daidai gwiwarsa, don ba ya goge lissafi sai ya kai ƙarshensa. Shi ne ma ya laƙaba wa malamin tarihi suna Sarkin Kujera, sunan kuwa ya bi bawan Allah har bakin ɗalibai.

To, jiki magayi. Ciwo ya sauka a ƙugunsa, ya ƙi tashi. Wata safiya alli ya faɗi a gaban aji, ya tsaya yana kallonsa, ya kasa duƙawa.

Likita ya tambaye shi awa nawa yake tsayuwa, a ina kuma yake duba takardun jarrabawa.

"A ƙasa, a kan darduma," in ji shi.

"Ga tsayuwa, ga duƙawa, ga wannan tumbin," likita ya ce. "Malam, ko ka riƙa zama a tsakiyar darasi, ko ka bar aji."

Barin ajin ne ya tsorata shi. Dama shugaban sashe ya fara zancen a mayar da shi ofis, wajen ajiye takardu, shi kuwa in ba allo bai san abin da zai yi da kansa ba.

"Baban yara, kujera ba ta cizo," matarsa ta ce tana shafa masa man zafi. "Girman kai rawanin tsiya ne."

Kwana uku yana juya maganar. Kujerun aji na ƙarfe ne, ba majingina. Mai kyau guda ɗaya ce a sashen, kowa kuma ya san mai ita. Ran nan dai ya ja ƙafa zuwa ofishin malamin tarihi, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya tsaya kame-kame.

Malamin tarihi ya dubi yadda ya dafe ƙugu, ya miƙe a hankali.

"Zauna, ɗan'uwa. Gefen hagu ne? Yana sauka ƙafa?"

"Yaya aka yi ka sani?"

"Shekara tara ke nan da likita ya gaya mini abin da ya gaya maka. Kana tsokanata ina dariya, amma ba ka taɓa tambayata dalili ba."

Kunya ta rufe malamin lissafi. Ya zauna a kan kujerar.

"Ajinka ƙarfe nawa?" malamin tarihi ya tambaya.

"Takwas."

"Nawa sha biyu. Ɗauki kujerar, ka sa a dawo mini da ita kafin nan. Ba na iya rabin awa a tsaye."