Ƙugin Lofen Mai Gyaran Agogo

Shekara da shekaru mai gyaran agogo yana shan lofensa lafiya lau, sai bara abin ya fara ƙugi. Da ya zuƙi hayaƙi sai ka ji ɓul-ɓul daga wuyan lofen, kamar cikin mai jin yunwa, wani lokacin har ruwa mai ɗaci ya taho masa kan harshe. Ga mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kasa kunne ga bugun agogo, wannan ba ƙaramin cin fuska ba ne. Ya zura gashin kaza a wuyan, ya zaro shi baƙi ƙirin. Ya kwance lofen ya shanya a taga. Ya rage saurin zuƙa, ya daina danna tabar da ƙarfi. Ya ɗora laifin a kan mai kanti, sannan a kan damina, daga ƙarshe a kan yawun bakinsa. Duk da haka lofe bai fasa ba.

Matarsa, wadda duk layin suke kira Gwaggo, ta san inda ruwan yake fitowa, domin daga yatsunta ne. Kowace safiya idan ya shiga wanka, sai ta lalubo gwangwanin tabar a kan kantar ɗaki, ta tsoma yatsu a kofin ruwa, ta yayyafa, ta mayar da murfi.

Ba mugunta ba ce. Idanunta ne suke tafiya, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Da farko gefen abubuwa ne ya yi laushi, sai launuka suka shiga juna, har ɗakin ya koma kamar an cika shi da hayaƙin da ya ƙi fita. Gidan dai ƙafafunta sun haddace shi. Kujera ba ta tashi daga inda aka ajiye ta, tebur ma haka. Mijin ne matsalar. Mutum ne da zai wuni da "to" ɗaya da "uhm" biyu, ga shi da tafiya ba a jin takunsa. Wata rana da aka yi ruwa tabar ta yi danshi da kanta, lofen ya yi ƙugi, Gwaggo ta ga ta juya fuskarta daidai inda yake ba tare da lalube ba. Daga ranar ta kama sana'ar yayyafi.

Tsoro take ji, gaskiyar magana. Ita ce fa mai tsinto masa ƙananan kusoshin agogo idan sun faɗi ƙasa, tun suna da ƙarfinsu. Ba ta son ranar da zai dube ta da tausayi, ya kira 'yarsu a waya, a zo a kwashe ta a kai ta wani gidan da ƙafafunta ba su sani ba.

Da la'asar ne abin ya fi mata daɗi. Tana zaune a kan tabarma, tsofaffin agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba suna ta bugawa a bango, kowanne da nasa lokacin. Ƙanshin taba ya zagayo. Sai ɓul-ɓul ɗin ya taso daga wajen taga, a hankali, ya tsaya, ya sake tasowa. A cikin farin hazon nan nata sai ta ga ɗakin yana lilo, bangon ya ja baya, mijin ya dawo saurayi mai baƙin gashi, sunkuye a kan tebur da gilashi a ido ɗaya. Ba barci take ba, ba kuma a farke take ba. Ta san dai yana nan.

"Malam, lofen nan naka ko a zuba masa abinci ne?" takan ce don tsokana.

"Uhm," in ji shi.

Amma mai gyara ba ya haƙura da abin da ya lalace. Wata safiya ya sayo sabuwar taba bai zuba a gwangwani ba. Ya baza ta a kan jarida ta sha iska, ya ƙulle ta a aljihu. Gwaggo ba ta sani ba, ta yi yayyafinta a kan tsohuwar kamar kullum.

La'asar ta yi, ta ɗauko shayi. Ta ji ƙanshin taba ya cika ɗakin, amma babu ƙugi. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa. Can wajen taga ta hango wani duhu-duhu a kan kujerarsa, ta nufe shi da murmushi, ta ajiye kofin a kan tebur.

"Yau kuma lofen azumin magana yake?" ta ce wa duhun. "Sha da zafinsa, Malam. Na rage maka sukari, kada ka ce ban faɗa ba."

Rigarsa ce rataye a bayan kujerar. Shi yana zaune a kan benci kusa da ƙofar da ta shigo, inda ya koma don rana ta dame shi. Ta wuce ta gabansa har zanenta ya shafi gwiwarsa.

"Ina nan bayanki," ya ce.

Ta juya da sauri, amma ba daidai ba. Fuskarta ta kalli kabad.

"Ai na gan ka, wasa nake."

"Tun yaushe?"

Ta buɗe baki za ta sake ƙarya, ƙaryar ta ƙi fitowa. "Tun bara."

"Ruwan da ke cikin gwangwanin fa?"

"Ni ce. Da shi nake sanin inda kake."

Sai ya yi shiru, irin shirunsa na kullum. Agoguna suka ci gaba da bugawa. Ta tsaya a tsakiyar farin hazon, hannu ɗaya a kan tebur, ba ta san ko kallonta yake ba, ko ya sunkuyar da kai, ko ma ya fita.

"Malam, ka yi mini faɗa in kana so, ka kira yarinyar nan in ka ga dama," ta ce. "Amma kada ka yi shiru. In ka yi shiru ni kaɗai ce a ɗakin nan."

Ta ji ya ƙwanƙwasa lofen a ƙafar benci, tokar ta zube. Ya yi gyaran murya har sau biyu, kamar wanda aka tsayar gaban taro.

"Ba wanda zan kira," ya ce. "Na tashi tsaye yanzu. Ina tahowa ta hannun damanki. Ga ni na zo wajen tebur. Zan ɗauki shayin." Ya kurɓa, ya daɗe yana neman abin da zai ƙara. "A waje kuma... akwai wata mata tana kwashe shanya. Ta yar da zane ɗaya ba ta gani ba."

Gwaggo ta lalubo hannun rigarsa ta riƙe gam.

"Wane launi ne zanen?" ta ce.