Wayar da Ɓera Ya Ci

Da hantsi Barakatu ta kira yayanta Zainulabideen, mahauci a Sokode, ta ce Inna ta cika a Dapaong, kuma liman ya ce jana'iza ba za ta wuce la'asar ba. Tafiyar awa biyar ce. Akwai lokaci, in motarsa ta yarda.

Ba ta yarda ba. Tun bai bar gari ba allurar gudu ta kwanta, giya ta maƙale a lamba biyu, inji na kururuwa, masu keke na wuce shi. Ya lallaɓa har garejin Mahama.

Shi Mahama shekara talatin yana gyara da kunne, kuma ba na'urar da ya ɗauka a bakin komai. Ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Alhaji, giyabos ne. Yanzu-yanzu."

Allah ya raba mu da yanzu-yanzun bakanike! Ya tsiyaye mai, ya kwance gindin giya, ya baje notuna a kan kwali. Zainulabideen ya ruga tasha, ya tarar da motar Dapaong da fasinja uku, direba ya ce sai ta cika. Ya dawo ya zauna kan tsohuwar taya. Mutumin da ke feɗe bijimi shi kaɗai, yau hannuwansa ba su da amfanin komai, sai duba agogo.

Sai bayan azahar Mahama ya sauke girman kai ya kira Farida, mai na'urar binciken mota a garejin gaba. Ta jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ba a jima ba ta ɗago.

"Baba, giya lafiya lau. Ɗan abin da ke gaya mata gudun mota ne ya yi shiru."

Ta bi wayarsa da yatsa har inda ɓera ya gwaguya. Zainulabideen ya runtse ido. A motar nan yake barin kilishi ya kwana.

Haɗa wayar minti biyar. Mayar da abin da Mahama ya kwance, awa biyu cur.

Ya ɗan wuce Kara ke nan Barakatu ta sake kira.

"Yaya, an jira iyakar jira. Sau uku liman na tambaya ina babban ɗanta. Har maza sun dawo daga maƙabarta."

Kuka ya ƙwace masa. Ya dubi allura, tana kan ɗari da ashirin, motar na tafiya sumul kamar sabuwa. A hankali ya ɗaga ƙafa daga totur. Saurin me kuma?