Imik Ɗin Mutanen Tagadirt

A garinmu Tagadirt ba a taɓa gaya wa matafiyi cewa hanya da nisa ba. Rashin kunya ne. Mutum ya kwaso gajiya ya tsaya ƙofar gidanka yana haki, ya tambaye ka saura nawa ya kai tizi, wato mashigar can sama tsakanin duwatsu biyu, sai ka buɗe baki ka ce awa uku? Ai ka karya masa gwiwa ke nan. Abin da ake yi, a miƙa masa shayi, a nuna sama da haɓa a ce, “Imik.” Ma'anarsa kaɗan. Imik ɗinmu kuwa yana iya zama tafiyar minti goma, yana iya cinye wuni guda.

Da wannan kalma aka yaye ni. Sunana Ijja, 'yar Bihi mai alfadari. Shekara talatin da biyar Baba yana ɗaukar wa baƙi kaya zuwa kan duwatsu, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ni kuma tun ina 'yar shekara tara nake hawa sama yanko wa awaki ciyawa, in sauko da damin da ya fi ni girma. Babu dutsen da ban san bayansa ba. Saboda haka da na ce zan nemi katin jagora, in riƙa kai baƙi da kaina maimakon in tsaya ina dafa musu tajin, miyarmu ta tukunyar ƙasa, ban ɗauka akwai wata wahala ba. Na yi karatun taswira da na taimakon gaggawa, na goge Faransancina, duk na haye. Saura jarrabawar fili: ka ja baƙi na gaske zuwa tizi ka dawo da su, mai jarrabawa yana biye da kai. Sau biyu kacal ake ba mutum dama a makarantar da na shiga.

Mai jarrabawar, Si Mbarek, wani siririn dattijo ne mai farin gashin baki, ba ya magana sai ta kama. Ranar farko aka ba ni mutum biyar. Na shige gaba kamar akuya, ina waiwayowa ina musu murmushi. Wani mai tumbi daga Kasabalanka ya tambaye ni saura nawa, na ce kaɗan. Ya sake tambaya, na ce kaɗan. A karo na uku bawan Allah ya yarda da ni da zuciya ɗaya, ya ɗaga gorar ruwansa ya shanye tas, ya cinye dabinonsa, tunda ai an kusa. Alhali saura awa biyu, rana kuma ta take. Bai yi rabin awa ba ya zube gefen hanya, leɓɓansa sun bushe, yana amai. Sai da aka aiko alfadari ya sauko da shi.

Da muka sauko Si Mbarek ya rufe littafinsa ya ce, “Ijja, ba ki san hanya ba.”

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

“Ni? Si Mbarek, a rufe min ido da ƙyalle in kai ka tizi in dawo da kai!”

“Na yarda,” in ji shi. “Ki dawo lokacin kaka. Saura miki dama ɗaya.”

Na iso gida ina huci. Baba yana zaune a gindin tuffa ya miƙe ƙafafu, na zazzage masa labari kaf, ina jiran ya taya ni zagin mutumin. Sai ya kama dariya har da tari.

“Baba, dariya ma kake yi?”

“To kuka zan yi? Sau nawa kika ce masa imik?”

“Uku. Ba haka kowa ke yi ba? Kai sau nawa ka faɗa a rayuwarka?”

“Ni alfadari nake ja, 'yar nan. Shi bai taɓa tambayata saura nawa ba.”

Kwana uku ban yi masa wata doguwar magana ba. A rana ta huɗu, da hantsi, sai ga shi da sandarsa ya ɗaura rawani. Wai in raka shi azib, bukkar dutsen da ya gina can sama inda muke kai awaki da bazara. Shekara uku rabonsa da ita.

Na ce bari in ɗaura wa alfadari sirdi.

“Da ƙafa za ni.”

“Da waɗannan gwiwoyin?”

“Su nake da su. Ko za ki ara min naki?”

Azib tafiyar minti hamsin ce a wurina. Muka kama hanya. Ya Allah! Ban taɓa sanin ana tafiya haka ba. Ya ɗaga ƙafa, ya dasa sanda, ya ja ɗayar, ya tsaya. Ni kuwa ƙafafuna har ƙaiƙayi suke yi. In yi gaba, in dawo, in tsinki ganye, in jefa tsakuwa. Bayan awa guda, ko kwata ba mu ci ba, ya ɗago kai yana zufa.

“Ijja, saura nawa?”

“Imik, Baba.”

Bakina ne ya faɗa, ban ma sani ba. Sai ya nemi wuri ya zauna, ya zuba min ido.

“Har ni? Ni da na ɗora duwatsun bukkar da hannuna?”

Kunya ta rufe ni. Na ce ai don kada ransa ya karaya ne.

“Na sani. Mu da muke faɗa wa juna imik, kowa ya san ƙarya ce mai daɗi, ba wanda ke shanye ruwansa saboda ita. Baƙo bai sani ba. Shi gaskiya ya ɗauka, da ita zai auna ruwansa da numfashinsa. To yanzu gaya min, da ƙafata, saura nawa?”

Na dubi hanyar da na bi ta fi sau dubu. Wallahi ban sani ba. Da ƙafata kawai na san ta. Nan maganar Si Mbarek ta dawo min, ta zauna daram.

Awa huɗu muka yi kafin mu kai. A wannan tafiya na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Ashe akwai wani faffaɗan dutse da ya yi sumul saboda zaman tsofaffi masu ɗauko itace. Ashe bayan wani karkataccen itace akwai 'yar ƙorama da ba ta ƙafewa. Ashe gangaren da nake tsallakewa da taku uku, ga mai ciwon gwiwa shi ne wurin da ya fi ko'ina mugunta. Baba ya san kowanne, yana nuna min da sanda. Da muka isa ya shafa bangon bukkar. Na juya baya don kada ya ga idona, tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Daga ranar na sayi agogon hannu da ɗan littafi, na shiga bin tsofaffin gari. Duk wadda za ta ziyarci 'yarta a ƙauyen gaba, ko za ta ɗebo ganyen magani a sama, ni ce 'yar rakiya. Ina bayanta ina duba agogo, ina rubuta inda ta tsaya da inda ta fara haki. Mutanen gari suka samu abin yi.

“Ijja, an bar kiwon awaki an koma kiwon kakanni?”

“Ina garken naki yau? Ko duk sun ɓace?”

Nakan ce, “Ku bari ku tsufa, ku ma zan kiwata ku.” Amma a raina abin yana ci na, don ban da tabbacin wannan wahala za ta haifi kati.

Kaka ta zo, aka gama tsinkar tuffa, ranar jarrabawa ta biyu ta iso. Mutum huɗu aka ba ni. Uku matasa ne masu ƙafa. Ta huɗun wata dattijuwa ce daga Rabat, Lalla Naima, malamar makaranta da ta yi ritaya, gajera mai jiki, da sababbin takalma fil. Na dube ta sama da ƙasa. Na ce a raina, shi ke nan, Si Mbarek ya haɗa min tarko. Domin a ganina, in baƙi ba su taka tizi ba, babu kati.

Na sa ta a bayana kai tsaye, matasan na biye, Si Mbarek a can ƙarshe da littafinsa. Da takunta muka yi tafiya. Matasan suka yi ta gunaguni, na ba su aikin neman akuyoyin dutse da ido. Zuwa hantsi mun wuce azib, hanya ta miƙe tsaye, iska ta yi sanyi. Lalla Naima ta tsaya, ta dafa gwiwa da hannu biyu, fuskarta ta yi ja.

“'Yata,” ta ce, da ƙyar maganar ke fita, “ki ce min an kusa. Ko ƙarya ce ki faɗa, ina so in ji.”

Kalmar tana kan harshena, har na ji ɗanɗanonta. Ita da kanta ta roƙa. In na faɗa za ta miƙe, wataƙila ma ta kai. In na faɗi gaskiya ta ce ta fasa, shekara biyu na wahala sun tafi a banza, in koma gindin murhu ina yanka albasa. Na dubi gorarta, saura rabi. Na tuna mai tumbin nan kwance a gefen hanya.

Na ce, “Lalla, ba a kusa ba. Da ƙafarki saura awa biyu da kwata, har da hutu.”

Ta zauna daɓas a ƙasa.

“Kai, wannan yarinya ba ki da tausayi! Ko ɗalibaina da suka faɗi jarrabawa nakan sassauta musu magana.”

Ɗaya daga cikin matasan ya yi tsaki. Na ji ƙarar alƙalamin Si Mbarek a kan takarda, ban waiwaya ba. Na durƙusa kusa da ita.

“Ki yi haƙuri, Lalla. In kin ce mu juya, mu juya, ba abin kunya ba ne, kuma lokaci yana nan. In kuma kina so mu gwada, kin ga baƙin dutsen can? Minti goma sha biyu ne. Akwai wurin zama a bayansa, iska ba ta kai wa. Ki kurɓi ruwa sau biyu kawai yanzu, akwai ƙorama a hutu na biyu.”

Har na fara fidda rai. Sannan ta ɗago hannuna ta dubi agogona.

“Sha biyu kika ce?”

“Sha biyu.”

“In ya zama sha uku, sai na ja kunnenki.”

A minti goma sha ɗaya muka kai. Ta zauna, ta dube ni ta gefen ido, ta ce, “Hm.” Daga nan ba ta ƙara tambayar tizi ba, sai dai ta ce, “Na gaba nawa ne?” In ce sha biyar, in ce ashirin, wannan akwai tsakuwa mai zamewa, ki riƙe kafaɗata. Ta cika gorarta a ƙoramar da wata tsohuwa mai ɗebo ganyen magani ta nuna min. Su kansu matasan suka shiga wasan, suna duba wayoyinsu ko za su kama ni da kuskure.

Can wajen azahar muka sha wata kwana, iska ta buge mu a fuska. Lalla Naima kanta na ƙasa, ba ta ga tarin duwatsun da ke alamar tizi ba, ga shi nan bai fi taku talatin ba.

“Na gaba nawa ne?”

Na ce, “Imik, Lalla.”

“Mene ne kuma imik?”

“Ɗago kanki.”

Ta ɗago. Ta ga tarin duwatsun, ta ga ƙanƙara a kan ƙololuwar da ke bayansa, ta saki kafaɗata ta ƙarasa da kanta. Tana kuka tana dariya tana kiran sunan Allah. Ni ma sai da na share ido da bakin mayafina. Tun da aka haife ni ban taɓa faɗin kalmar nan tana gaskiya ba sai ranar.

Mun sauko kafin magariba, kowa da ƙafarsa. A bakin gari na hango Baba zaune a kan katangar gonar tuffa, wai shan iska yake yi, shi da bai taɓa shan iska a wurin ba. Baƙi suka shiga mota. Si Mbarek ya rufe littafinsa ya sa a aljihu, ya juya zai tafi bai ce min uffan ba. Haƙurina ya ƙare.

“Si Mbarek! Katin fa?”

Ya tsaya, ya shafa gashin baki, ya nuna hanyar birni da haɓa.

“Imik.”

Baba ya fashe da dariya daga kan katanga. Ni kuwa na sha gaban Si Mbarek.

“Wane irin imik, don Allah? Na Tagadirt?”

“Irin naki na yau,” in ji shi. “Alhamis, ƙarfe goma. Ki zo da hoto biyu.”

Baba ya lallaɓo ya sauko daga katangar, ya miƙo min hannu in riƙe shi. Muka nufi gida a hankali, da takunsa.

“To, jagora,” ya ce, “saura nawa mu kai?”

Na dubi gwiwoyinsa, na dubi agogo.

“Minti tara, Baba. Da hutu ɗaya.”